BABI NA UKU: KEKE, AYARIN MAHAYA DA ƊORIN KARAYA A ƘASAR WURNO, RABAH DA GORONYO

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin kafuwar garuruwan gabashin Sakkwato da sana'o'in mutanensu. Wannan babi zai dubi keke a matsayinsa na abin hawa a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo. Za a duba yadda ya shigo, da irin mutanen da suka fara hawansa, da yadda mahaya suka riƙa tafiya ƙungiya-ƙungiya, sannan da abin da kan biyo baya idan mahayi ya faɗi ya karye. Manufar babin ita ce a nuna cewa keke bai tarar da fili fetal ba a wannan yanki. Ya tarar da al'adar tafiya cikin ayari, ya kuma tarar da sana'ar ɗori, kuma waɗannan abubuwa biyu ne suka karɓe shi har ya zama ɗan gida. Don haka ba za a fahimci tarihin keke a nan ba sai an haɗa shi da tarihin hanya, da na kasuwa, da kuma na jinya.

3.1 Yanayin Ƙasar da Hanyoyinta

Garin Wurno yana arewa maso gabas da Sakkwato, tazarar da ba ta kai kilomita 50 ba, a bisa tudu mai kallon fadamar Gulbin Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi a matsayin ribaɗi wajen ƙarshen shekarun 1820, a nan kuma ya rasu a shekarar 1837, kabarinsa yana garin. Wasu daga cikin sarakunan da suka biyo bayansa sun zauna a Wurno, kamar Aliyu Babba (1842-1859) wanda a zamaninsa ne matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya sauka garin a shekarar 1853, da kuma Abdurrahman (1891-1902). Rabah tana gabas da Sakkwato a gefen Gulbin Sakkwato, ita ce mazaunin Abubakar Atiku na Rabah kafin ya zama Sarkin Musulmi (1873-1877), kuma mahaifar jikansa Sardauna Ahmadu Bello. Goronyo kuwa tana gaba da Wurno ta fuskar arewa maso gabas, ita ma a bakin Rima.

Abin da ya haɗa waɗannan garuruwa shi ne fadama. Da damina ana noman shinkafa a fadama, gero da dawa da wake a tudu. Da rani kuwa ana noman albasa da tafarnuwa da alkama da sauran kayan lambu. Wannan na nufin manomi yana da gonaki a wurare mabambanta, yana kuma da amfanin da ba ya jiran jinkiri kafin a kai shi kasuwa, irin su kasuwar Acida da ta Goronyo da ta Wurno da ta Gandi, ko kuma babbar kasuwar Sakkwato.

Kafin zuwan Turawa, hanyoyin da suka haɗa waɗannan wurare turbobi ne na ƙafa da na dabbobi. Doki na sarakuna ne da masu hali, jaki da takarkari da raƙumi na kaya ne, kwalekwale kuwa na ƙetare gulbi ne idan ruwa ya kawo. Turbar tudu rairayi ce, ta fadama kuma laka ce da damina, da rani ta bushe ta tsattsage. Ga kuma ƙaya iri-iri, kamar ta aduwa da ta bagaruwa da tsidau. A kan irin waɗannan hanyoyi ne keke ya zo ya yi rayuwarsa.

3.2 Asalin Keke da Shigowarsa Ƙasar Sakkwato

Hausawa na kiran wannan abin hawa keke ko basukur, wasu kuma su yi masa kirari da dokin ƙarfe. Kalmar basukur aro ce daga Ingilishi. Kalmar keke kuwa ana danganta ta da Yarabanci, kuma Hausawa sun faɗaɗa ma'anarta har ta ƙunshi keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu.

A shekarar 1817 wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera abin hawa mai ƙafa biyu na katako, wanda ake tura shi da ƙafafu a ƙasa. Cikin shekarun 1860 aka sanya masa feda a Faransa. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai sarƙa da tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya a garin Kobantiri na Ingila, sannan a 1888 John Boyd Dunlop ya samar da tayar da ake hura wa iska. Daga nan keke ya ɗauki siffar da aka san shi da ita. A shekarar 1903 aka fara gasar tseren keke ta zagaya Faransa, wato shekarar da sojojin Ingila suka ci Sakkwato, ranar 15 ga watan Maris. Wannan dacewa tana nuna bambancin da ke tsakanin wuraren biyu tun daga farko: a Turai keke ya riga ya zama abin wasa da gasa, a ƙasar Sakkwato kuwa ya shigo ne a matsayin kayan aikin mulki da ciniki.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kuma bi ta Gusau ya isa Ƙaurar Namoda a 1929, amma bai taɓa isa Sakkwato ba. Saboda haka kayan Turai da ake sayarwa a lardin Sakkwato, har da kekuna da kayan gyaransu, sukan sauka ne a tashoshin jirgi sannan a ɗauko su a mota. Kamfanonin ciniki irin su UAC da John Holt da G. B. Ollivant da CFAO su ne suka riƙe wannan harka. Suna sayen gyaɗa da auduga da fatu, musamman fatar jar akuyar Sakkwato, suna kuma sayar da yadi da gishiri da kananzir da kekuna. Kuɗin amfanin gona da na fata su ne suka koma kuɗin keke.

Keken da ya fi suna shi ne Raleigh na garin Notingam, sai irin su Hercules da Phillips da Humber da Rudge, duk na Ingila. Keke ne mai nauyi, mai manyan tayoyi na inci 28, da birkin sanda, da sirdin fata, da kariya ta ƙarfe a baya. Daga baya kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. Bayan nan sai Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka mamaye kasuwa saboda rahusarsu.

3.3 Mahayan Farko da Yaɗuwar Keke

Mutanen da suka fara hawan keke a karkarar Arewa su ne ma'aikatan En'e da na kamfanoni: malaman haraji, masinjoji, malaman gona, malaman daji, duba-gari, malaman asibiti, malaman makaranta da akawunan kanti. Gundumomi irin su Wurno da Rabah kowace tana da hakimi wanda tilas ya riƙa aika takardu da kuɗin haraji da jangali zuwa Sakkwato, ya kuma riƙa karɓar umarni daga can. A irin wannan tsari ne Ahmadu Bello ya riƙe sarautar Rabah daga 1934 zuwa 1938. Keke ya dace da wannan aiki domin ba ya cin ciyawa, ba ya buƙatar ɗan doki, kuma a hanya mai kyau yana yin a sa'o'i biyu ko uku tafiyar da mai ƙafa zai wuni yana yi. Akan ba wasu ma'aikata bashin keke a riƙa cirewa daga albashi, a kuma ba su alawus na kula da shi.

Da kekuna suka yi yawa sai hukuma ta mayar da su hanyar samun kuɗin shiga. En'e ta riƙa yanka lasin na shekara, a ba mai keke 'yar lamba ta ƙarfe ya ɗaura. Wannan aiki ya koma hannun ƙananan hukumomi bayan garambawul na 1976, kuma Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1979, haka ma na 1999, ya lissafa yanka lasin kekuna da kwalekwale da amalanke cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Shigar keke cikin tsarin mulkin ƙasa shaida ce ta irin matsayin da ya taka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu (1939-1945) keke ya fita daga hannun ma'aikata kaɗai ya shiga hannun 'yan kasuwa, teloli, mahauta, wanzamai da manoma masu ɗan hali. Sababbin sana'o'i suka ɓullo a gindin itatuwan bakin kasuwa: mai faci, mai gyaran keke, mai sayar da kayan gyara, da mai keken haya. Keken haya yana da muhimmanci ƙwarai a wannan tarihi, domin a kansa ne mafi yawan yara suka koyi hawa. Yaro kan biya kuɗin ɗan lokaci, abokansa su riƙe masa kariya suna turawa, ya soma da zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda tun bai kai hawa sirdi ba. Faɗuwar farko da ƙujewar farko duk a nan ake yin su. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara yawan malaman da ake turawa ƙauyuka, su ma kuma keke ne ƙafarsu.

3.4 Ayarin Masu Keke

Tafiya cikin ayari tsohuwar al'ada ce ga Bahaushe. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro suna da madugu mai shugabanci, da jagaba mai wucewa gaba, da zango inda ake yada kaya. Dalilin ayari shi ne tsaro da taimakon juna, kamar yadda Hausawa ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu keke ba su ɗauki sarautun ayari ba, amma sun ɗauki hikimarsa. Ana iya karkasa tafiyarsu ta ƙungiya gida uku.

Na farko shi ne ayarin kasuwa. Kasuwannin yankin na mako-mako ne, kowace da ranarta, don haka ɗan kasuwa kan zagaya su. Mutanen ƙauye ɗaya ko unguwa ɗaya sukan ɗaure kaya tun da dare, su tashi bayan sallar asuba don su ci hanya kafin rana ta take, musamman da bazara lokacin da zafi kan wuce digiri 40. Wanda ya fi sanin hanya shi ke gaba, sauran su bi sawun tayarsa, domin a rairayi layi ɗaya ne mai tauri. Ba kowa ke da famfo da kayan faci ba, saboda haka idan ƙaya ta huda tayar mutum ɗaya, wasu kan tsaya da shi. Idan an zo mashigin ruwa ko hawa mai tsauri, sai a sauka a taya juna turawa, ko a ɗora kekuna a kwalekwale. Da la'asar kuma a jira juna a dawo tare, don mai ɗauke da kuɗin ciniki ba ya son tafiyar kaɗaici.

Na biyu shi ne ayarin zumunci, wato zuwa ɗaurin aure ko suna ko ta'aziyya a wani gari. Yawan kekunan da suka raka ango abin alfahari ne ga danginsa. A irin wannan tafiya ana yawan goyo, wani a kariya, wani a kan sanda.

Na uku shi ne na samari, wanda ya fi kusa da abin da Turawa ke yi don nishaɗi. Da Salla samari kan wanke kekuna, su yi musu ado da ƙyallaye da madubai da ƙararrawa, su fita gari-gari yawon Salla. A nan ne ake tsere, a saki hannu, a miƙe tsaye a kan feda, a gwada wanda zai hau tudu bai sauka ba. Wannan tsere ba shi da alƙali ko kofi, ladarsa suna ne a dandali.

Ya kamata a lura cewa gasar keke mai tsari ta samu gindin zama a wasu sassan Afirka ta Yamma, misali gasar zagaya Burkina Faso da aka fara a 1987, kuma a 2024 Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a tseren keke na wasannin Olamfik a Faris. A gabashin Sakkwato kuwa ƙarfin mahayi ya tafi ne ga neman abinci. Mutumin da ya tuƙa buhun albasa daga fadama zuwa kasuwa ya dawo, ya yi aikin da ɗan tsere zai jinjina masa, sai dai shi bai kira abin wasa ba.

3.5 Haɗurra da Ire-iren Raunuka

Abubuwan da ke kayar da mai keke a wannan yanki sanannu ne. Akwai rairayi mai riƙe tayar gaba farat ɗaya. Akwai gangara, inda birkin sanda kan kasa riƙe keke mai nauyin kaya, balle idan ruwa ya jiƙa shi. Akwai kaya mai rinjaye gefe ɗaya, da babbar riga ko bakin wando da sarƙa kan cafke, da tafiyar dare ba fitila, da dabbobin da kan yanko hanya. Da aka shimfiɗa kwalta a hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Acida zuwa Goronyo da Sabon Birni, tafiya ta yi sauƙi, amma haɗari ya sake kama, domin mai keke ya koma raba hanya da manyan motoci.

Bahaushe ya rarrabe raunukan da ake samu. Akwai ƙujewa, wato saɓulewar fata. Akwai targaɗe, inda jijiyoyin gaɓa suka wahala amma ƙashi bai taɓu ba. Akwai gocewa, inda ƙashi ya bar gurbinsa. Akwai tsagewar ƙashi, sannan akwai karaya, wadda ita ma iri biyu ce: wadda fata ta rufe, da wadda ƙashi ya huda fata ya fito. Wanda ya faɗo daga keke yakan tokare ƙasa da hannu ko ya sauka a kan kafaɗa, shi ya sa karayar ƙashin wuya da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji, da ta wuyan hannu, suka fi yawa ga mahaya a ko'ina cikin duniya. Karayar ƙwauri da ta cinya sun fi zuwa idan mota ko babur ya buge mutum. Yaran da ake goyawa kuwa suna da nasu rauni na daban, wato shigar diddige cikin wayoyin tayar baya.

Nauyin rauni ba a jiki kaɗai yake tsayawa ba. Magidancin da ya karye a farkon damina ya rasa shuka da noman farko. Wanda ya karye lokacin cirar albasa da tafarnuwa ya rasa kasuwar shekara. Wannan ne ya sa zaɓen wurin jinya ya zama shawara ta dangi gaba ɗaya.

3.6 Ɗori da Jinya a Gargajiyance

Ɗori yana cikin sana'o'in magani na gargajiya da ake gado, kamar wanzanci da ungozomanci, kuma a garuruwa da dama akwai sarautar Sarkin Ɗori. Sana'ar ta girmi keke nesa ba kusa ba, domin ta taso ne a kan faɗuwa daga doki da itace da katanga, da raunukan yaƙi da kokawa da dambe. Ilimin magani kuwa ba baƙo ba ne a Wurno, don shi kansa Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ɗibbu. Da keke ya zo, sai maɗora suka sami sababbin majinyata, ba tare da sun sauya hanyar aikinsu ba.

Idan mahayi ya faɗi, 'yan ayari ne masu agajin farko. Su ke ɗaure wurin da rawani ko ƙyalle, su nemi jaki ko amalanke ko mota, wani ya tura keken majinyaci da kayansa zuwa gida, wani ya wuce gaba ya sanar da dangi. A wurin maɗori, akan lalube wurin da hannu a gane irin karayar. Mataimaka su riƙe majinyaci, a ja gaɓar har ƙashi ya koma saiti, a shafa man shanu ko man kaɗe wanda aka haɗa da magani, a jera karare ko tsinkayen gwangwala da aka saƙa kamar 'yar tabarma, a naɗe da ƙyalle, a yi tofi. Bayan 'yan kwanaki akan kwance a duba, a gasa da ruwan zafi, a sake ɗaurewa. Idan ƙashi ya kama sai a soma murza gaɓar, a umarci majinyaci ya riƙa motsa ta, sannan ya fara takawa da sanda.

Dalilan da suka sa jama'a suka riƙe maɗori a fili suke. Yana kusa, yana jin harshen majinyaci, ba ya neman kuɗi kafin ya taɓa mutum, sau da yawa ma abin da ake ba shi sadaka ce ko goro ko amfanin gona bayan an warke. Bugu da ƙari, jinyar tana gudana ne a tsakiyar dangi. 'Yan dubiya na shigowa da fura da 'yan kuɗi, abokan tafiya na sayar masa da kayansa a kasuwa, maƙwabta na yi masa gayya a gona. Wato ayarin da ya raka shi a hanya shi ne ke raka shi a kan tabarmar jinya. Ranar da ya sake hawa keke ya bi ayari, ita ce ranar da jama'a ke shaida ya warke.

3.7 Tsakanin Maɗori da Asibiti

Binciken likitanci ya nuna cewa ƙashi shi ke haɗa kansa. Da farko jini kan taru a wurin karaya, cikin mako biyu zuwa uku wani tattausan nama ya haɗa ɓangarorin, daga nan ya taurare ya zama ƙashi, sannan jiki ya ɗauki watanni yana gyara siffarsa. Aikin mai magani, maɗori ne ko likita, shi ne ya daidaita ƙashin ya kuma hana shi motsi. Ga baligi, karayar wuyan hannu kan ɗauki kimanin mako shida, ta ƙashin wuya mako shida zuwa goma sha biyu, ta ƙwauri ko cinya kuwa wata uku zuwa shida. Ƙashin yara ya fi saurin kamawa. Wannan shi ne sirrin nasarar maɗora a kan karaya mai sauƙi wadda fata ta rufe.

Sai dai akwai inda hannun maɗori ba ya kaiwa. Idan aka matse ɗauri fiye da kima, kumburi kan toshe hanyar jini, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, gaɓar ta ruɓe, har ta kai ga yankewa. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kokawa a kan wannan, musamman ga yara. Karayar da ƙashi ya fito waje tana buƙatar wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, domin ƙasar hanya da kashin dabbobi matattarar wannan cuta ce. Karayar da ta shiga cikin gaɓa, da ta ƙugu, da ta gadon baya, da bugun kai, duk ba a ganin haƙiƙaninsu sai da hoto. Akwai kuma matsalar gaggawa, inda manomi kan koma feda tun ƙashi bai gama kamawa ba, ya sake karyewa ko ya warke a karkace. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

A ɓangaren asibiti, an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959. A jihar Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙashi na Wamakko, inda ake ɗaukar hoton ƙashi, a sa siminti ko ƙarfe, a kuma yi gashin ƙashi. Amma nisa da tsada da tsoron yanke gaɓa sun sa mutanen karkara da yawa ba sa zuwa sai abu ya ɓaci. A nan wata sarƙaƙiya ta ƙullu: jinkirin zuwa shi ke jawo yankewa, labarin yankewa kuma shi ke ƙara jawo jinkiri. Akan sami majinyacin da zai je asibiti a ɗauki hoto a wanke rauni, sannan danginsa su ɗauke shi zuwa gidan maɗori. Wannan na nuna jama'a ba su ɗauki hanyoyin biyu a matsayin kishiyoyi ba.

3.8 Ja da Bayan Keke da Sauyin Zamani

Darajar keke ta soma raguwa a zamanin arzikin man fetur. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa ma'aikata da yawa suka koma babur. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, ya tsadar da sababbin ababen hawa, ya kuma taimaka wajen yaɗuwar sana'ar kabu-kabu. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984 aka ƙaddamar a 1992, ta shafi noman rani a kwarin Rima, kuma kayan lambu masu yawa sun fi ƙarfin kariyar keke. Daga wajen shekarar 2000 baburan ƙasar Sin da na Indiya masu rahusa suka cika ƙauyuka. Ayarin kasuwa ya koma kan babur da a-kori-kura, keke ya zama na ɗalibai da dattawa da zuwa gona. Maɗora kuwa aikinsu ƙaruwa ya yi, domin karayar babur ta fi ta keke muni.

An yi ƙoƙarin farfaɗo da keke daga sama. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira ga 'yan Nijeriya su koma keke, shi kansa ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja, har wata motar safa ta ture shi cikin lambatu. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa wasu suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu.

Amma babban abin da ya taɓa tafiya a gabashin Sakkwato shi ne lalacewar tsaro. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka kai hari ƙauyen Tabanni na ƙasar Rabah, mutane suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Ranar 17 ga Oktoban 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutane fiye da 40. Ayari an ƙirƙire shi ne don tsaron hanya, to amma tsaron da yawan jama'a ke bayarwa bai da tasiri a gaban bindiga. Wannan ya shafi mai zuwa kasuwa, ya kuma shafi wanda ya karye yake neman hanyar zuwa asibiti.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda keke ya shigo ƙasar Sakkwato bayan 1903 ta hannun hukuma da kamfanoni, ya bi ta hannun ma'aikatan En'e ya isa ga manoma da 'yan kasuwar Wurno da Rabah da Goronyo. An ga cewa tafiyar ƙungiya a kan keke ci gaba ne na tsohuwar al'adar ayari, kuma ayarin bai tsaya a hanya ba, yakan bi mahayi har ɗakin jinya. An kuma ga cewa maɗori ya yi wa mahaya aiki mai yawa a kan karaya mai sauƙi, amma matsattsen ɗauri da karayar da ta huda fata da jinkirin zuwa asibiti sun jawo asarar gaɓoɓi. Abin da tarihin ya nuna shi ne, tun da maɗori ne mutum na farko da ake kai wa wanda ya karye, lafiyar gaɓar ta rataya ne a kan sanin da yake da shi na karayar da zai riƙe da wadda zai tura gaba. Babi na gaba zai dubi kalmomi da karin maganganun da keke ya haifar a bakin mutanen yankin.